Geta Mai Layi Tara

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku matasa masu rubuta manhajar kwamfuta, ya kawo mini aikinsa in duba. Na buɗe na tarar ya rubuta geta, 'yar umarnin nan mai ɗauko bayani, ya yi ta doguwa, har da lissafi a cikinta. Da na yi magana sai ya yi mini murmushin nan da ake yi wa tsohuwa, ya ce, "Anti, ai ƙaramin abu ne, kuma yana aiki." Na san yana aiki. Na kuma san kun laƙaba mini suna Anti Geta, kuna tsammanin kunnena bai kai can ba. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa yi wa wani dariya a kan wannan maganar. Bari dai in gaya muku inda na kwaso ciwon, in kun ga dama ku ci gaba da dariyarku.

A farkon shekarun dubu biyu na dawo Zuru da takardar difloma a hannu da girman kai fal ciki. Babana tsohon soja ne, shi ya kai ni wurin abokinsa na bariki, Oga Ishaya, mutumin Dabai, wanda ya yi aikin sadarwa a soja har ya koyi kwamfuta a can. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shago mai ɗaki biyu kusa da tasha. Ɗakin gaba shi ke ciyar da mu: buga takardu, fotokofi, katin biki da na jana'iza. Ɗakin baya kuwa nan ake rubuta furogiram, abin da kuke kira manhaja yanzu. Mutanen gari ba su ma san muna yi ba. A wurinsu ni 'yar taifis ce da ta yi sa'ar samun aiki a inuwa.

Kwamfuta uku gare mu, duk tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, kowace da halinta. Ta bakin taga ba ta tashi sai an ɗan dake ta a gefe. Ta tsakiya ƙadangare ya taɓa shiga cikinta ya mutu, muka yi kwana uku muna hararar juna a kan warin. Intanet babu. In ka maƙale, littafi ɗaya ne mai kauri da Oga ya kwafo da fotokofi, wasu shafukan sun fito baƙi ƙirin, sai ka cike giɓin da kanka. A fulofi, ɗan faifan ajiya na lokacin, muke ɗaukar aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan, mu adana su a gwangwanin madara. Fulofi kuwa ba shi da amana: ka ba shi aikin mako guda da yamma, da safe ya ce bai taɓa ganinka ba. Janareta ma man da Oga ya zuba da safe shi ke nan, in ya ƙare an tashi. Dole ka gama tunaninka a takarda da fensir kafin ka taɓa maɓalli.

Masu zuwa ɗakin gaba kuwa kowa da abin da yake zaton na'urar za ta yi masa. Wani dillalin hatsi, Alhaji Garba, ya taɓa zuwa da sunayen 'yan dako biyar, ya ce in sa a kwamfuta ta fitar masa da wanda ya ɗauke buhun dawarsa. Na ce ba ta iya wannan ba. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "To man da kuke zuba mata na mene ne?" Daga ranar duk sanda ya wuce ƙofar shago sai ya leƙo ya tambaya ko ta yi wayo.

Mu uku ne a ɗakin baya. Na ukun shi ne Malam Sani, ɗan Argungu, wanda ya fi ni iya aikin nesa ba kusa ba, ko da yake sai yanzu nake iya faɗa. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ubansa ɗan kasuwa ne, kuma yakan ce mana, "Shagon babana ba a ce ma mai saye babu. Zaunad da shi aka yi, a ba shi ruwa, a tahi maƙwabta a ɗauko mai." Haka yake da kowa. Ni kuwa a lokacin bakina ya fi hannuna sauri.

Aikin da ya fi kowane girma a wurinmu na wani ƙaramin asibitin mishan ne, a wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Ribah. Wani ɗan ƙauyen da ke aiki a kudu ya saya musu kwamfuta da firinta da janareta. Babbar nas ɗinsu, Sista Hannatu, ta zo da kanta ta faɗi abin da take so. Ta gaji da tonon katunan marasa lafiya a kwali. Sannan tana son kwamfuta ta riƙa lissafa yawan maganin da za a ba yaro bisa nauyinsa, ta buga a 'yar takarda, uwa ta kai tagar magani. Ma'aikatanta kaɗan ne, ranar kasuwa layi har waje, kuma gajiya na sa hannu ya zame. Oga ya raba mana aikin. Malam Sani ya ɗauki katin mara lafiya, wato suna da ƙauye da nauyi da sauransu. Ni na ɗauki lissafin magani. Shi Oga ya riƙe haɗa su.

Ranar da muka fara, ya rubuta dokarsa a bayan kwali ya manna a bango. Ya ce duk bayanin da ke kan kati kamar hatsi ne a rumbun Sani, ni ba ni da ikon haurawa in ɗiba. Kowane bayani ƙofa biyu gare shi: geta mai ɗaukowa, da seta mai ajiyewa. In nas ta auna yaro, setNauyi ce ke karɓa, ta duba ko lambar ta yi kama da nauyin ɗan Adam, sannan ta ajiye. Duk wani bincike da tsare gida aikin seta ne. In ni kuma ina son nauyin don in yi lissafina, sai in kira getNauyi. Ita geta layi ɗaya ce tak. Ta ɗauko abin da ke ciki ta miƙa, ba ta gyarawa, ba ta ƙarawa, ba ta kintace. In ba a auna yaron a ranar ba, ta ce babu.

Na ce, "Oga, wannan ai ɓata lokaci ne. Abu na gabana sai na zagaya ta ƙofa?"

Ya ce, "A bariki ko kwamanda ba ya shiga ɗakin makamai ya ɗauka da hannunsa. Ta taga ake miƙo masa."

"Nan ba bariki ba ne."

"Rahila, ke da Sani ba za ku iya haddace aikin juna ba. In kin ga suna ya fara da get, dole ki iya rufe ido ki yarda da abin da ya ba ki. Ranar da ba za ki iya ba, to ba aiki ɗaya kuke yi ba."

Da ya juya baya na sara masa irin ta soja, Malam Sani ya danne dariya.

Juma'a ta Malam Sani ce, Lahadi tamu ce, sai Oga ya kama Asabar. Duk safiyar Asabar za a buga abin da aka rubuta cikin makon a firintar nan mai ƙara kamar injin niƙa, mu zauna, kowa ya karanta aikin ɗan'uwansa da ƙarfi, Oga na riƙe da jan biro. Babu abin da ke fita daga shagon sai ya bi ta wannan karatun. Na tsani Asabar. Geta talatin a jere, duk iri ɗaya, ina karanta su ina hamma, a waje kuma mutane na ta harkarsu. Haka dai muka gama, muka kai asibiti da rani, furogiram ya zauna lafiya. Sista Hannatu ta aiko mana da kaji biyu.

Daminar shekara ta biyu ce ta juya mana baya. Tsawa ta faɗa kan wayar wutar unguwarmu, ta ƙone mana kwamfuta biyu da injin fotokofi rana ɗaya. Muka koma karɓa-karɓa a kan guda ɗaya, ta bakin tagar nan mai son duka. Ana cikin haka idon Oga, wanda da ma yake dusashewa, ya rufe da yana. Aka kai shi Kano aka yi wa ɗaya aiki, ya dawo da bandeji, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani. Likita ya ce ya zauna a gida, kada ya sunkuya, kada ya shiga rana. Ya aiko mini da mabuɗin shago da jan biron. Asabar ta farko na yi karatun. Ta biyu na yi rabi. Ta uku na ce wa Malam Sani ai mun san aikin juna, mu bar wahalar da kai.

Wata Talata Sista Hannatu ta sauko daga kan mashin, taɓo har gwiwa, ko zama ba ta yi ba ta fara. Lokacin zazzaɓin sauro ne, yara sun cika mata asibiti, ma'auni kuma guda ɗaya. Duk yaron da ba a shigar da nauyinsa na ranar ba, kwamfuta sai ta ƙi buga takardar magani, ta tsaya tana cewa a auna.

Ta ce, "Yaron da aka auna wata biyu da suka wuce, don me sai an sake? Uwa na tsaye, jikin ɗanta zafi rau, na'urarku na yi mini gardama."

Na ce haka aka tsara ta, in ba ta so ta koma wa kwalinta. Bai kamata in faɗi haka ba, matar ta haife ni. Na ga fuskarta ta canza. Malam Sani ya miƙe da sauri ya jawo mata kujera, ya kawo ruwa.

Ya ce, "Yi haƙuri, Sista. Ki bar abin ga hannuna. Kahin Juma'a an gyara."

Ya kuwa cika. Ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci ya miƙo mini fulofi. Na haɗa da nawa, na gwada da katuna uku, takarda ta fito sumul babu gardama. Ban buɗe na karanta abin da ya canza ba. Na san dokar, ga ta manne a bango daidai saitin idona, amma ina son in wanke kaina a wurin Sista. Da la'asar na hau mashin na kai musu, na sa a kwamfutarsu bayan an tashi aiki. Na dawo ina jin cewa lallai na iya riƙe shago.

Washegari da safe matar Oga ta aiko cewa yana nemana, kuma in zo da takardu. Na buga aikin makon na tafi ina gunaguni. Na same shi a ɗaki an rufe taga, zaune a miƙe kamar mai jiran fareti, bandeji a ido.

Ya ce, "Yau Asabar."

"Na sani, Oga."

"Ban iya gani ba, amma kunnena lafiya lau. Karanta."

Na fara da na Malam Sani. GetSuna, layi ɗaya, ya gyaɗa kai. GetƘauye, layi ɗaya, ya gyaɗa. Na zo kan getNauyi ina karantawa da muryar mai son ta gama: in akwai nauyin yau ɗauko shi, in babu koma zuwan da ya wuce, in can ma babu ƙara komawa baya.

"Tsaya."

Na tsaya.

"Wannan geta ce?"

"Geta ce."

"Layi nawa?"

Na bi da yatsa. "Tara."

"Geta ba ta da abin faɗa har layi tara. Me take yi a can ciki?"

Na shiga kare ta, tunda ni na bar ta ta wuce. Na ce in ba a auna yaro yau ba, tana ɗauko nauyi na ƙarshe da aka rubuta a katinsa. Na ce ai yaro ba ya canzawa sosai cikin wata ɗaya ko biyu, kuma Sista ce ta nema. Ya bar ni na gama. Sannan ya juyo da fuskar nan mai bandeji wajena.

"'Yata, da kina ƙarama, katin asibiti nawa ne a gidanku?"

Kati ɗaya ne. Mu bakwai. Sunan yayanmu Markus ke kai, kuma ni kaina Markus nake a asibiti har na shekara goma. Haka ake yi a ƙauyukanmu: a yanki kati wa babban yaro, a soke shi a jinkar ɗaki, duk wanda ya kwanta cikin ƙannensa da shi za a kai shi. Mai karɓar kati ya sani, yakan kau da kai. Da can wannan bai dami furogiram ɗinmu ba, don dole sai an ɗora wanda aka kawo a ma'auni. Yanzu kuwa geta za ta ɗauko nauyin ɗan shekara tara ta miƙo mini, ni kuma in rufe ido in lissafa magani, a ba jariri. Takardun suka zame mini ƙasa.

Ya ce, "Furogiram ɗin yana shago tukuna, ko?"

"Na kai musu jiya."

Na jira ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Cewa kawai ya yi, "Yau kasuwar ƙauyen ce. Tashi."

Wayar hannu ta iso Zuru a lokacin, amma a wancan ƙauyen sai ka hau dutse kake samun sabis. Babu wanda zan kira. Na ruga shago, na sami Malam Sani yana share allon kwamfuta.

"Malama Rahila, mi ya hwaru?"

Na gaya masa a tsaye. Ya kalle ni bai gane ba.

"Kati guda ba mutum guda na ba?"

Na ce, "A Argungu wataƙila. Ina mabuɗin mashin ɗinka?"

Na ɗauki fulofin tsohon furogiram daga gwangwani na cusa a aljihu. An yi ruwa da asuba, hanya ta zama kunu. Sau ɗaya muka faɗi, muka tashi ba wanda ya ce wa wani sannu. Malam Sani, mutumin da ba ya wuce ko akuya bai rage gudu ba, ranar nan bai gaida kowa ba har muka isa.

Mun shiga asibitin rana ta kusa tsaka, layi har gindin mangwaro. Sista tana ɗakin haihuwa. Na ce wa mai karɓar kati ya tashi, na zauna na jawo jerin takardun da aka buga tun safe. Shida daga ciki an buga su ba tare da an auna ba. Muka fita da sunayen muna kira. Biyu na kan benci ba su kai tagar magani ba tukuna. Uku sun karɓa amma suna nan cikin harabar, kuma da muka duba katin nasu ne na kansu. Saura ɗaya, katin wani Dauda, nauyi na ƙarshe kilo ashirin da huɗu. Na kira Dauda sau uku, shiru.

Na je tagar magani na tambayi matar da ke bayarwa. Ta yi tunani ta ce ta tuna, wata mata ce da goyo. Na ce yaron ya kai shekara nawa? Ta ce wane yaro, ai jaririya ce, ko rarrafe ba ta fara ba. Takarda ta ce ƙwaya biyu a tashin farko, ita kuma layi ya yi mata yawa, ta ƙirga ta zuba a ambulan. Jaririyar na barci a baya, sai ta ce wa uwar in ta farka ta sha nono a dama mata. Sun fi awa ɗaya da tafiya, a ƙasa, ƙauyensu na bayan dutse.

Daidai nan Sista Hannatu ta fito tana cire safar hannu. Ta saurara, ta karɓi takardar ta duba.

Ta ce, "In aka ba 'yar nan ƙwaya biyu, ba za ta kai yamma ba. Ku bi ta gonar dawa, ita ce hanyarsu."

Mashin ya kai mu inda zai iya, muka yar da shi a bakin gona. Dawa ta fi mu tsawo, hanyar ƙafa ce siririya, santsi ko'ina. Na cire takalmin ofis na riƙe a hannu, daga baya na jefar. Ina gudu ina lissafi a kaina: awa ɗaya, mace mai goyo, ƙauyen bai fi tafiyar minti arba'in ba. Ta isa gida ke nan. Ban taɓa roƙon Allah da irin wannan gaggawar ba. Malam Sani na gabana, ina jin numfashinsa da abin da yake karantawa a ransa yana fitowa fili.

Sai muka ji ƙugin ruwa. Rafin da ke tsakanin gonar da ƙauyen ya kawo, ruwan da aka yi a kan duwatsu ya sauko ja wur, ya hana ƙetarewa. Mutane kamar goma na zaune a baki suna jira ya janye. Tana cikinsu, a kan wani dutse, ta sauko da jaririyar tana ba ta nono. Ambulan ɗin na kan cinyarta a buɗe.

Na durƙusa gabanta na yi mata magana da yarenmu, don Hausarta ba ta da yawa. Na ce ta ba 'yar maganin? Ta ce a'a. Yarinyar ta farka tun ɗazu, ta so ta ba ta, har ta buɗe, amma ruwan gorarta ya ƙare, ita kuma ba za ta dama wa 'yarta magani da wannan jan ruwan ba. Tana jira ta kai gida. Na karɓi ambulan ɗin na juye a tafin hannuna na ƙirga, na sake ƙirgawa. Duk suna nan.

Na juya in gaya wa Malam Sani, na tarar ya zauna daɓas a cikin taɓo, da farar rigarsa, ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kuma dariya ta kama ni da hawaye tare, na kasa tsayar da ko ɗaya. Tun da nake ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba, kuma har yau ban sake ji ba.

Matar ta tsorata da ganinmu haka. Ta tambaye ni a hankali ko don ta zo da katin Dauda ne, ko za a hukunta ta. Na fassara wa Malam Sani. Ya ɗago kai.

"Ki hwaɗa mata ba ta yi laihi ba. Laihina na. Ni nar rubuta."

Na ce, "Ni kuma ban karanta ba."

Na gaya mata babu laifinta, na'urarmu ce ta yi kuskure. Muka dawo da ita asibiti, Malam Sani na tura mashin, ni ba takalmi. Sista ta ɗora jaririyar a ma'auni da hannunta: kilo shida da ɗan ɗori. Ta ɓantari ƙwaya ɗaya, ta ɗauki ɗan guntu ta dama da ruwa mai kyau ta ba ta. Ta yanka mata sabon kati da sunanta, Saratu. Ni kuma na mayar musu da tsohon furogiram mai gardama. Na ba Sista haƙuri a kan maganar ranar Talata. Ta ce ita ma ta matsa mana, ta ba ni silifas ɗinta na sa na koma gida.

Ranar Litinin Malam Sani ya zauna a gaban kwamfutar bakin taga ya goge layi takwas da hannunsa. Ya bar ɗaya, ya karanta mini shi da ƙarfi ba tare da na nema ba. Sannan ya ce, "To, ta koma tana cewa babu. Ni ma sai in hwara koyo." Bai taɓa koyo sosai ba, har ya bar Zuru mutane na ɗora masa aikin da ba nasa ba. Amma a cikin furogiram ban sake ganin ya sa geta ta je maƙwabta ta ɗauko ba.

Matsalar Sista kuwa ta gaske ce, kuma ashe ba a cikin kwamfuta maganinta yake ba. Layi na tsayawa ne saboda ma'auni ɗaya. Na je kasuwar hatsi na sami Alhaji Garba na ba shi labari. Ya shiga shagonsa ya fito da ma'aunin ratayawa, ya ce a kai asibiti. Aka rataye shi a reshen mangwaron nan, aka ɗaura zani a ƙugiyar, uwa ta sa ɗanta a ciki tun tana kan layi. Kafin ta kai gaban kwamfuta an riga an auna. Alhaji ya daɗe yana ba da labari a kasuwa cewa sai da ma'auninsa ya je kwamfutar ta yi wayo, kuma ban taɓa musa masa ba.

Da na koma na ba Oga labarin duka, tun daga faɗuwar mashin har bakin rafi, ya saurara bai katse ni ba. Na gama na jira faɗan da na san na cancanta. Ya ce, "Asabar mai zuwa ƙarfe nawa?" Na ce takwas. Bayan an kwance bandejin ya dawo shago na miƙa masa jan bironsa, ya ce in riƙe. Bai sake karɓa ba har ya rasu.

Ba na cewa aikinku mai sauƙi ne, na san kuna da naku ciwon kan. Amma geta ita ce inda abokin aikinka ke rufe ido ya yarda da kai, kuma ba ka san wa ke goye a bayan wa ba a ɗaya ƙarshen. Biron na nan a jakata, ya daɗe da bushewa. Kai mai geta da lissafi a ciki, ka bugo ta a takarda ka same ni ranar Asabar ƙarfe takwas. Kai za ka karanta, ni zan rufe ido.